Harawar Alfadarin Baba

Shekarun baya can, tun surukina yana da rai, na shiga wani ruɗani da har yau ban gama fita daga cikinsa ba. Muna zaune a Kafanchan, mijina kullum yana hanyar Kachia wajen sayen citta, saboda haka ni ce mai kula da tsohon. Tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin ƙasar Bama, amma ba ya son zancen. Abin da na sani kawai, duk shekara ranar Lahadin da ake addu'a a coci domin 'yan mazan jiya, yakan ɗauki damin harawa da 'yar kanwa ya kai gindin mangwaron bayan gida. Ya ƙame, ya sara kamar yana gaban hafsa, ya dawo. Awakin maƙwabta su bi baya su cinye.

Ni dai kawar da kai nake yi. Amma shekarar da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ana gobe Lahadin sai ya kira ni.

"'Yata, gobe ke za ki kai mini harawar nan gindin mangwaro."

Ni ce fa wadda in na manta na sha ruwa ban yi addu'a ba, sai in wuni ina neman gafara. Ga shi mahaifiyata ta sha ba mu labarin yadda ake kai wa dodo abinci gindin itace a ƙauye kafin zuwan bishara. Ina cikin zumuntar mata ta coci. In wani ya gan ni, horo za a sa ni, a hana ni jibin Ubangiji.

"Baba, wa ake kai wa?"

"Abokina."

"Yana ina?"

"Ya mutu tuntuni."

Abinci ga matacce kuma? Na daure na ce, "Baba, wane irin aboki ne yake cin harawa?"

Ya ce alfadari ne. Shi aka ba shi ya riƙa ja a dajin Bama, yana ɗauke da akwatunan harsashi, suna hawan duwatsu cikin ruwan sama da taɓo. Kafin su shiga daji, likitan dabbobi ya yanke wa alfadaran wani abu a maƙogwaro don kada su yi kuka abokan gaba su ji. Nasa yakan buɗe baki, iska ce kawai take fita. Bayansa duk gyambo, amma bai taɓa ƙin tashi ba. Baba yakan riƙe kunnensa ya ce masa, in an gama yaƙi zai kai shi gida ya ci harawar gonarsu har ya ƙoshi. Ranar da harbi ya same shi a ciki, ya kwanta yana buɗe baki yana kallon Baba, aka sauke kayan, aka ba da oda a wuce.

"Alkawari na yi masa," in ji Baba. "Bana ce ta ƙarshe, na sani. Kada ki sa in saɓa."

Na rasa inda zan sa kaina. In na kai, wataƙila tsafi na yi. In na ƙi, tsoho zai tafi da baƙin cikina. Da yamma na tafi gidan fasto na zayyana masa komai.

"Yana yi masa sujada?"

"A'a, sara masa yake yi."

"Yana roƙonsa wani abu?"

"A'a."

Fasto ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Mama, gaskiya wannan ba a koya mana shi a makarantar Littafi ba."

Matarsa tana tsinke yakuwa a bakin ƙofa, ta yi dariya ta ce, "Kai, ku da neman wahala. Ku ba jaki mai rai mana, ai danginsa ne!" Fasto bai ce i ba, bai ce a'a ba. Wasa take yi, amma ni na riƙe maganar hannu biyu.

Washegari da aka tashi daga coci, ko zanen zumunta ban cire ba, na ɗora harawa a ka na shiga gari neman jaki. Garin da acaba ta cika, ina jaki? Wani ɗan acaba ya ce, "Mama, jakunan garin nan duk masu ƙafa biyu ne, wanne kike so?" Har rana ta karkata kafin na sami wani dattijo bayan layin dogo, yana sauke itace daga kan jakinsa. Na ce kyauta zan ba dabbarsa abinci, amma da sharaɗin ya biyo ni gida.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kyauta? Baiwar Allah, me kika sa a ciki?"

Ashe shi ma tsafi yake zargi. Sai da na ba shi labarin tun daga farko, sannan ya ja igiya ya biyo ni.

Ni da mai jakin muka fito da Baba a kujera zuwa gindin mangwaro. Jakin ya lashe kanwar, ya cinye harawar tas, sai ya ɗaga kai ya kwarara kuka, har kajin unguwa suka watse. Baba ya ɗaga hannunsa ya sara, hawaye yana bin fuskarsa.

"Kin ji?" ya ce. "Da sun bar wa abokina muryarsa, haka zai gaya mini inda yake masa ciwo."

Ya share ido, ya sake duban jakin ya ce, "Amma nawa ya fi wannan girma da hankali." Mai jaki ya ɓata rai, sai da na ba shi haƙuri da kunu.

Baba bai ga daminar shekarar ba. Ba wanda ya sa ni horo, ba kuma wanda ya taɓa ce mini daidai na yi. Har yau ban san sunan abin ba, ko sadaka ce, ko cika alkawarin wani, ko wautata ce kawai. Na tambayi fastoci da dama ko dabbobin da aka kai yaƙin da ba nasu ba suna da wani lada, kowa sai ya goge tabarau. Duk da haka, duk shekara ranar Lahadin nan ina ɗaukar harawa in fita neman jaki. Nakan nemi gafara kafin in fita, in sake nema in na dawo, ko da laifi ne. Kuma ba na barin wurin sai na ji ya yi kuka.