Kartar Sualihu Tela

A shekarar 1921 ne Sualihu tela ya fara haɗuwa da Kofur Amidu a Salaga, a rumfar wani mai sayar da goro. Amidu tsohon soja ne, ya dawo daga yaƙin Jamus da ɗingishi da kuma karta ɗaya da ta sha hannu har ta yi laushi. Ya kawo wandonsa a yi masa faci. Sualihu ya yi facin a karkace, kamar yadda ya saba, Amidu ya duba ya ce, "Tela, ɗinki ba zai ciyar da kai ba. Zauna in koya maka abin da zai sa a riƙa ba ka wurin zama."

Dabarar ba ta da wuya. Ka saci kallon katin da ke can ƙasa, ka riƙe shi a ranka. Ka ba mutum ya zari ɗaya, ya duba, ya ɗora a sama. Sai ka raba kartar biyu, ka ɗora rabin ƙasa a kan na sama. Katin da ka sani ya hau kan nasa ke nan. Kana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, da ka ga naka, mai bi masa shi ne na mutumin. Amidu ya ce, "Sauran duk surutu ne. Ka yi ta magana, ka dubi sama, ka yi tari. Kuma kada ka gaya wa kowa, ko matarka."

Sualihu ya kama wannan gargaɗi da hannu biyu. Ya ɗauki keken ɗinkinsa na hannu a ka, ya bi fatake zuwa Yendi, daga baya ya zarce Bawku. Ko'ina ya sauka, riguna na fitowa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma ba a cika yi masa faɗa ba, domin bayan la'asar zai fito da karta. Bai taɓa yin caca da ita ba. Mahauta na ba shi tsire, masu goro na cika masa aljihu, ana kiransa gidan suna da gidan biki. In an ce aljanu ke gaya masa, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya gyara hula.

A 1938, a zangon Bawku, zanen Azara matar wani dillalin shanu ya ɓace daga kan igiya. Akwai wani baƙo a gari, Nashiru, mai cewa kartarsa na kama ɓarawo. Aka tara matan gidan dillalin a ƙofar Sarkin Zango. Nashiru ya ce kowace ta zari kati ta mayar, mai gaskiya nata zai ɓuya, ɓarauniya kuwa nata zai fito. Ya yi ta kuskure da gangan, har aka zo kan Asiatu mai koko, wata tsohuwa 'yar Salaga da ke haya a gidan ba ta da kowa. Nan ya zaro jar bakwai ɗinta ya ɗaga. Aka ce ta tattara kayanta ta bar zango.

Sualihu na tsaye a baya, kuma ya ga idon Nashiru lokacin da ya leƙa ƙasan kartar. Ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in gwada." Ya miƙa wa Liman kartar, Liman ya zara yana ta'awizi, Sualihu ya fito masa da katinsa.

Ya ce, "Ashe Malam ma ya ɗauki zane?"

Aka yi dariya, amma Azara ta ce, "Wannan ai aljaninka ne ya fi nasa ƙarfi. Ita dai an kama ta."

Sualihu ya juya kartar a hannu. Sai ya durƙusa gaban Sarkin Zango ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi na ƙasan nan. Ka gan shi? To, riƙe shi a ranka." Ya bi da shi daki-daki a gaban kowa. Sarki ya gwada a kan Azara, ya zaro katinta, ya yi ta dariya har rawaninsa ya kwance.

Ya ce, "Azara, ke ma ɓarauniya ce! Wa kuma zai zo?"

Kafin a waiwaya Nashiru ya sulale. Asiatu ta koma ɗakinta. Kafin kasuwa ta sake ci, masu jakai da masu wanki duk sun iya dabarar, tsiren Sualihu ya yanke, mutane kuma suka fara lura da hannun rigunansu.

Sualihu bai taɓa faɗin dalilinsa ba. Sai bayan rasuwarsa wani ɗan Salaga ya ba da labari cewa wata damina kurkunu ta kwantar da Sualihu a can, ba ya iya taka ƙafa, wata mai koko ta riƙa aje masa ƙwarya a bakin ƙofa kowace safiya har ya miƙe. Asiatu kuwa ba ta gane shi a Bawku ba, shi ma bai tuna mata ba.