Ɗaki Ɗaya a Bayan Asibiti

Duk layin ba wanda ya san ta da wani suna sai Inna Mai Firji. Ɗakinta ɗaya ne a gidan haya, kuma firjin ya cinye rabinsa. Gado ya maƙale a lungu, baƙo sai dai ya zauna a bakin ƙofa. Amma wutar gidan layinsu ɗaya da babban asibiti, ba a cika ɗaukewa ba, kuma abin da ya kawo ta ke nan.

Mijinta kafinta ne, ciwon sukari ya kama shi, allurarsa kuwa ba ta shiri da zafi. A tsohuwar unguwarsu wuta sai ta ga dama take leƙowa. Inna ta sha naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma tana bin gidaje neman ƙanƙara, har ran da maganin ya lalace aka kwashi mutumin ranga-ranga. Yana farfaɗowa ta ce su tashi. Ta bar tsakar gida mai inuwar mangwaro ta dawo wannan akurki. Dangi suka yi ta surutu, ita ko a jikinta.

A hankali maƙwabta suka gano ta. Mai shayi ya kawo allurar tsohuwarsa, telar kan kwana ta kawo ta 'yarta. Inna ba ta taɓa cewa babu wuri ba, sai dai ta fitar da ruwan shanta. Samun irinta sai an tona.

Bayan rasuwar kafinta, babban ɗansu, direban babbar mota, ya gama gini a bayan gari, ya ware mata ɗaki da banɗaki. Ya kai ta gani, bakinsa har kunne. Ta shafa bango ta sa albarka, sannan ta ce bari ta gaida maƙwabta. Tana zama a gidan wata maƙwabciya ta roƙi ruwa. Aka kawo mata shi da ɗumi kamar na wankan jariri.

"'Yar nan, yaushe rabonku da wuta?"

Matar gidan ta yi dariya. "Inna, ai mun daina lissafi."

Sai da suka dawo ɗakinta na haya ta ce wa ɗan, "Gida ya yi kyau, amma ba zan tare ba."

"Haba Inna! Baba ya rasu. Wa kuma kike wa gadin firji?"

Maganar ta soke ta, ta kuma ji tausayinsa, don ta san irin wahalar titin da ya sha kafin ya ɗora rufin nan. Ta buɗe firjin. Ƙananan kwalabe ne a jere, kowace da zare a wuya, ja, kore, baƙi, don Inna ba ta karatu, da launi take gane mai ita.

"To zaɓar mini wadda zan fara mayarwa."

Ya daɗe a tsugune. Can ya nuna ɗaya. "Mai jan zaren nan fa, ta wa ce?"

"Ta 'yar tela. Bana aka sa ta makaranta."

Bai sake tayar da zancen ba. Ɗakin da ya gina mata har yau a kulle yake, matarsa na sharewa, bai ba kowa ba.