Dattijo da Saniyar Yumɓu

A bakin rumfar mai tukwane wani dattijo ke zaune, tabaraunsa ɗaure da zare, yana murza yumɓu. Mai tukwane tana satar kallon yatsunsa masu tabon wuƙa. A ranta ta ce, wannan tsohon mahauci ne.

Saniya yake ginawa. Ta gefe ta yi kyau, amma da ya juyo gabanta, sai ga ta shafal kamar faranti.

"Baba, ƙara mata ciki. Ƙafar bayan ma ta gaza," in ji ta.

Ya yi dariya, ya dunƙule ta, ya sake farawa a natse.

"'Yata, na tsufa ina rarraba su gunduwa-gunduwa. Yau jikata ke son guda cikakkiya. Ba zan kai mata gurguwa ba."