Yadda Na Haɗa Malam Faɗa da Taubashinsa

Shin mijina Malam ya gane ni ce na haɗa shi faɗa da taubashinsa, ko ya tafi bai sani ba? Ban tambaye shi ba, yanzu kuma sai dai in zauna in yi kukana.

Daga kan ɗorawa ya faɗo a gonarmu ta Tudun Kaya. A asibitin Kano aka ce laka ce ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ƙara motsi ba. Muka dawo da keken guragu. Na koyi juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, na koyi yi masa wanka. Ciyar da shi ne ya gagare ni. Sai ya juya fuska bango har tuwo ya huce, kullum yana ƙara zubewa.

Masu dubiya ba su taimake ni ba. Su shigo a sanyaye, su zauna kamar an yi rasuwa. Har taubashinsa na ƙauyen Gwangwan, ɗan kawunsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa sai kowa ya kira ɗan'uwansa bawa, ya zo ya durƙusa yana share hawaye. Ranar ko koko Malam bai sha ba.

Na bi taubashin har zaure na ce, "Ka san abin da yake faɗa a kanka? Wai gyaɗarka ta bana ko ɓera ba zai ɗauka ba."

"Shi ɗin? Yana kwancen?"

"Yana kwancen."

Na koma ɗaki na ce, "Malam, ɗan'uwanka ya ce wai ba faɗowa ka yi ba, noma ne ya ishe ka, ka nemi wurin kwanciya."

Ya juyo a hankali. Rabon da ya dube ni sosai har na manta.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"Ɗumama mini tuwon nan. Ba zan tare shi da yunwa ba."

Ran kasuwa sai ga sallama tun daga waje. "Ina bawan nan nawa? An ce ka yi mota ba ka gaya wa ubangidanka ba."

"Shigo, ɓarawon fura. Direba nake jira, ga shi Allah ya kawo. Tura ni."

Ya tura shi har majalisar ƙofar gida, fitarsa ta farko tun dawowarmu. Ina daga soro ina jin su. Dattawan da suka saba yi masa sannu suka rasa inda za su sa fuskarsu, can wani ya tuntsire da dariya, shi ke nan.

Shekaru suka yi a haka. Idan na ga faɗan ya fara sanyi, sai in ƙara itace. Na ɗauki maganganu tsakanin Tudun Kaya da Gwangwan waɗanda babu wanda ya faɗe su sai ni, kuma ko yau aka dawo mini da shi zan sake.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi bara da damina. Wata safiya na ga jikin ya yi nauyi, na aika Gwangwan. Mutumin yana hanya, bai riske shi ba. Kafin Malam ya cika, ina goge masa fuska ya buɗe ido ya ce:

"Gyara mini hulata. In ya shigo da fuskar tausayi, ki kore shi."