Malam Mika'ilu da Tukunyar Safara'u

Da an sallame sallar asuba Malam Mika'ilu yake saɓa fartanya ya nufi 'yar gonarsa ta bayan gari. Rana na ɗagawa sai ya dawo ya watsa ruwa, ya ɗaura tsohuwar kwamfutarsa a bayan keke, ya biya shagon cajin waya ya karɓi batir, ya wuce makarantar garinmu da ke gefen hanyar Tsanyawa. A can yake koya wa matasa rubuta manhaja. Da fetur ya fi ƙarfin kowa, janareton makaranta ya yi shiru, sai ya koma alli da allo. Mu kuwa muna zaune a majalisa muna cewa ga mai koyar da kwamfuta ba wuta. Ya ji, ya yi murmushi ya wuce. Bana zai ajiye aiki saboda idanunsa sun raunana, kuma kunya ce ta sa na ɗauki biro.

'Yata Sakinatu ɗalibarsa ce, ita ta fahimtar da ni abin da ya fi tsanantawa a kai. Ta ce kowane ƙaramin aiki a cikin manhaja sau biyu ake rubuta shi. Da farko a sanar da shi a sama: ga sunansa, ga abubuwan da za a miƙa masa. Daga baya a rubuta cikinsa, yadda zai yi aikin. To, waɗannan abubuwan da ake miƙawa, Malam ya ce dole a raɗa musu suna mai ma'ana, kuma sunan sama ya zama shi ne na ƙasa. Kwamfuta ba ruwanta, ko ka saɓa sunayen za ta karɓa. "Ba don na'ura nake yi ba," in ji shi, "don wanda zai karanta bayanku nake yi." Yara har laƙabi suka sa masa, Malam Raɗin Suna, shi kuma yana amsawa.

A shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, mutane da yawa suka cinye irinsu kafin damina. Ƙungiyar manomanmu ta samo tallafin irin gyaɗa. Shugabanmu Alhaji Nababa ya roƙi Malam a yi rabon da kwamfuta don kada a zargi kowa. Malam ya ba Sakinatu aikin. Da ta kawo masa, ya tarar a sama ta rubuta gidaje, a ƙasa kuma ta rubuta tukwane.

"Sakinatu, wanne ne a ciki?"

"Malam, Alhaji ne ya ce gida-gida za a raba. Ni kuma da na zo lissafin, sai na ga ai ba gida ke cin abinci ba."

Gaskiya ta faɗa. A nan wajenmu gida ɗaya yakan ɗauki tukunya uku ko huɗu. Akwai matar da mijinta ya rasu tana zaune a sashenta cikin gidan 'yan'uwansa, tana girkinta daban, tana noma gayaunarta da marayunta. In rabo ya zo da sunan gida, hannun maigida yake faɗawa, kuma a nan yake tsayawa. Duk mun san haka. Ba wanda ya taɓa faɗa.

Malam Mika'ilu, da ka goge ɗaya ka bar ɗaya, ba mai sani. Kai ne ka ƙi. Ranar rabo hadari ya haɗo, mutane sun cika ƙofar sito da buhunansu, ka tsaya ka ce ba za a fara ba sai an zaɓi suna ɗaya. Aka yi ca a kanka. Wani ya ce ruwa zai wuce mu saboda iyayin 'yan boko. Alhaji Nababa ya ce, "Haba Malam, gida da tukunya ai duk ɗaya ne."

Ka ce, "In ɗaya ne, Alhaji, mu sa tukunya mana."

Sai Inna Safara'u, wadda ta shekara biyu ba ta shuka gyaɗa ba tun rasuwar mijinta, ta yi magana daga bayan mata, ba tare da ta ɗaga murya ba: "Ni dai a gida nake, amma rabon gida bai taɓa zuwa tukunyata ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. A cikin gidanmu ma akwai irinta. Usaini, ƙanin mijin Safara'u, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin buhu. Liman ya ce a sa tukunya. Sakinatu ta gyara sunan sama ya dace da na ƙasa, mata suka shiga gida-gida suna ƙirga murhu. Rabon kowannenmu ya ragu, kuma wasu sun daɗe ba sa gaishe ka a hanya. Ba ka taɓa ɗaga zancen ba, ko a aji.

Da kaka ta yi, Safara'u ta cire gyaɗarta. Ta auna kwano guda ta ce a kai wa Malam, kuma Usaini ta ba ya kai. Ya ɗauka a ka ya ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, ya wuce ta gaban majalisarmu. Ba wanda ya tsokane shi, don kowannenmu ya san cewa shi ma zai iya zama mai ɗauke da kwanon.

Malam, mun gode, kuma ka yafe mana dariyar da muka yi. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka huta lafiya. Sakinatu ce za ta riƙe ajin, ta kuma ce ba za ta sassauta ba. Ku kuma masu rubuta manhaja, da masu rabon kowane irin tallafi, ku yi koyi da shi: kafin ku miƙa abu, ku tsaya ku kira shi da sunansa. Mu maza na garin nan, kafin rabo na gaba, kowa ya shiga gidansa ya duba murhun da bai taɓa tambayar me ake dafawa a kai ba.