Farin fitsarin mahaifina

Shekarun baya, muna gama girbin masara a Likoro, mahaifina ya fara ramewa. Ba zazzaɓi, ba tari, yana cin abinci sarai, amma kullum riga sai ƙara yi masa yawa take.

Wata safiya na zagaya bayan gida inda yake tsugunawa, sai na ga wurin fari fat, har ya yi gudaji kamar kindirmo, tururuwa sun yanyame shi. Da na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce ya fi wata yana ɓoyewa.

Nan da nan magana ta zaga unguwa cewa tatsar sa ake yi, wai wata mayya na shan jikinsa daga nesa. Ni mai taƙama da boko, ni na fara yarda. Har hanya na daina haɗawa da wata tsohuwa maƙwabciyarmu, baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Mahaifiyata kuwa ta ɗaura ɗamarar mayar masa da abin da ake kwashewa. Man shanu a tuwo, man shanu a fate, romon kitse duk ranar kasuwar Hunkuyi. Abin tsoron, ranar da ya fi ci, ranar fitsarin ya fi fari. Har ya fara yi mana wasiyya.

Da ƙyar muka kai shi asibiti a Zariya. Likita ya ce a jikin hanji akwai wasu siraran jijiyoyi da ke kwasar maiƙon abinci, fari kamar madara, su kai shi cikin jini, ta nan ƙiba ke shiga jiki. Na mahaifina sun toshe a hanya, suka ɓalle cikin mafitsara. Ya ba da magani, ya ce a janye masa maiƙo.

A mota mahaifina ya dubi mahaifiyata yana murmushi, ya ce, "Ashe mayyar a ɗakina take."

Wasa yake yi, amma ta yi kuka har muka wuce Hunkuyi.

Ya warke, ya ƙara shekaru yana noma. Ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake zuba wa kowa man shanu da hannunta ba. Sai dai ta ajiye kwanon a gabanka ta kau da kai. Har yau abin yana sosa min rai.