Buhun Kanwa a Bayan Kujera

Ina malamin gona a lokacin, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, muna zaune a Tudun Wadan Zariya ni da Inna da maiɗakina. Wata Litinin aka ce ranar Alhamis zan raka Baturen gona Makurɗi duba riɗi, in riƙe masa takardu. Kuma ba a jirgin ƙasa za mu ba, a wani ƙaramin jirgin sama ne mai kujera huɗu.

Babu wanda bai san jirgin nan ba a filin jirgi. Wutsiyarsa a tsage take gida biyu kamar ta tsattsewa, gudu kuwa ba a magana. Leburori suna cewa ba ya yafiya: in an bi shi yadda yake so ya kai mutum kafin shayi ya huce, in an kuskure ƙiris sai dai a tsinci takalmi. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In shiga gida, in fito ƙofa, in tafi Kwangila ba abin da zan saya.

Autarmu tana aure a Makurɗi, kwananta tara da haihuwa. Inna na jin inda za ni ta ɗauro buhun kanwa ungurnu don kunun jego, wanda da ƙyar na iya ɗaga shi.

"Inna, jirgin nan awo ake yi kafin a shiga."

"Awon me? Kai hatsi ne? Ka ce wa Baturen saƙon uwa ne."

Na ce ai can ma akwai kasuwa. Ta dube ni kawai ta ci gaba da ƙulle bakin buhu. Mu kuwa ba a mayar da saƙon uwa, ko da dutse ne.

Ranar Alhamis da hantsi matuƙin, wani Bature siriri mai gurguwar Hausa, ya ɗora mu a sikeli ɗaya bayan ɗaya, har da jakata. Ya yi mana bayani cewa abin da jirgin ya fi ƙi shi ne nauyi a baya, domin in mai ya ragu gaba yakan yi sakayau, wutsiya ta rinjaya. Ya tambaye ni ko akwai sauran kaya, na ce babu. Alhali na bar buhun wurin mai gadi. Suna shiga ofis sa hannu na jawo shi na cusa bayan kujerar baya, na rufe da bargo. Girman kai ne ya hana ni roƙo. Ina malami guda da alƙalami a aljihu, ban so a gan ni ina magiya a kan kanwa kamar baƙauye.

Mun tashi lafiya, har na fara yi wa leburori dariya a zuci. Sai da muka wuce duwatsun Kafancan hancin jirgin ya fara ɗagawa shi kaɗai. Matuƙi ya danne shi, ya sunkuya fiye da kima, ya sake ɗagowa. Haka muka riƙa yi. Baturen gona da ke gaba ya riƙe kujerarsa gam. Na ga gumi na bin ƙeyar matuƙi, yana ta murɗa wani ɗan gargare kusa da gwiwarsa, abin bai daina ba.

Ya waiwayo ya ce, "Malam, akwai kaya a baya?"

Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Mutum uku a sama, ni kuma ina auna kunyata. Har yau in na tuna shirun nan nakan ji haushin kaina.

Na ce, "Akwai."

"Kawo gaba. Hankali, hankali."

Na durƙusa a kan kujera na jawo buhun da haƙora a cije, bakinsa ya kwance, kanwa ta zubo min a riga. Baturen gona ya karɓa ya rungume a cinya, ni kuma aka ce in kwanto da ƙirjina tsakanin kujerunsu. A haka muka ƙarasa, ina jan duk addu'ar da na sani, wata ma ba ta tafiya ba ce.

Da muka sauka na tsaya jiran zagi, har na shirya yadda zan faɗa wa maiɗakina an kore ni. Matuƙin ya ɗauki ɓarin kanwa ya sansana, ya tambaye ni mene ne. Na ce saƙon mahaifiyata ne ga 'yarta mai jego.

Ya dube ni. Sannan ya nuna wani akwatinsa na ƙarfe da aka sauke, ya ce, "Wannan littattafai kawai. Da ka tambaya, ni bar shi Zariya, ni ɗauki na Mama."

Ya miƙo min buhun da kansa. Na karɓa, na kasa ɗaga ido in dube shi.